Dokokin motocin lantarki da tashoshin caji: asalinsu, da yadda lamarin yake daga Sabha zuwa Maiduguri

Dokokin motoci marasa hayaƙi su ne dokokin da gwamnati ke kafawa domin rage motocin fetur da na dizal a kan tituna, a maye gurbinsu da masu aiki da lantarki. A wasu ƙasashen gwamnatin tsakiya ce ke yin su, a wasu kuma, kamar Amurka, jihohi ne suka ja gaba. Galibinsu suna tilasta wa kamfanonin ƙera motoci cewa wani kaso na abin da suke sayarwa ya zama na lantarki, suna sassauta wa mai saye haraji, sannan suna fayyace inda za a kafa tashoshin caji da wanda zai ɗauki nauyin kafa su.

Maganar ta shafi Hausawan kudancin Libiya, Nijar, arewacin Najeriya da zangunan Ghana da Benin fiye da yadda ake zato, domin dubban gidaje a waɗannan wurare da sitiyari suke cin abinci: direbobin Hilux na hanyar Agadas, ƴan kabu-kabu, ƴan adaidaita sahu, makanikai, masu sayar da kayan gyara, har da ƴan bumburutu. Kuma motar da Turai ta gaji da ita, sau da yawa a nan take ƙare rayuwarta. Abin da aka gani a ƙasashen da suka gwada shi ne, irin wannan doka tana tafiya gwargwadon farashin fetur da wadatar wuta a wurin. Shi ya sa abin da ya yiwu a Maiduguri bai ko kama hanya ba a Wadi Bawanis da ke gefen Sabha, duk da cewa rana ɗaya ce ke dukan su.

Me ake nufi da mota marar hayaƙi

A idon doka, mota marar hayaƙi ita ce wadda ba ta fitar da komai daga salansa. Mafi yawansu masu batir ne, sai ƴan kaɗan masu aiki da iskar haidurojin. Akwai kuma masu haɗa inji da batir, waɗanda wasu dokokin ke ƙirga su, wasu kuma ba sa ƙirgawa. Sunan yana da ɗan yaudara: idan da janareta mai shan dizal aka caja motar, hayaƙin bai ɓace ba, wuri kawai ya canza.

Ana auna batirin mota da yunit irin na mitar gida, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. Ƙaramar mota tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100 a kan kwalta. Batiri mai yunit 64, kamar na Hyundai Kona da aka haɗa a Legas, yana kai motar fiye da kilomita 400 idan hanya mai kyau ce. Cajar gida mai ƙarfin kilowat 7 tana cika shi cikin awa tara zuwa goma, wato kwana guda a ajiye. Tashar caji mai sauri, mai kilowat 50 zuwa 150, tana kai shi kashi 80 cikin 100 a cikin awa guda ko ƙasa da haka, amma wutar da take zuƙa a wannan lokaci ta isa ta haskaka gidaje masu yawa a unguwa. A nan ne doka ke shigowa, domin tashar caji ba ta tsayuwa sai da taransufoma, da lasisin sayar da wuta, da farashin da hukuma ta amince da shi.

Zafi mai tsanani yana rage wa batirin litiyam kwana, tafiya cikin yashi mai laushi kuma tana ƙara yawan wutar da mota ke ci ƙwarai. Babur da keke mai ƙafa uku ba su da wannan nauyi sosai: batirin babur bai cika wuce yunit 2 zuwa 4 ba, ana iya ciro shi da hannu a sa wani cikin ƴan mintuna.

Kaliforniya: jihar da ta fara

Dokar farko irin wannan ta fito ne daga jihar Kaliforniya ta Amurka a 1990, lokacin da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Angeles. Hukumar kula da tsaftar iska ta jihar ta umarci manyan kamfanoni cewa kashi 2 cikin 100 na motocin da za su sayar a 1998 su zama marasa hayaƙi, ya kai kashi 10 a 2003. Batiran wancan zamani ba su kai ba, kamfanoni suka yi ta ƙorafi da shari'a, aka sassauta dokar sau da dama. Amma ba a soke ta ba.

Abin da ya ba jiha guda wannan ƙarfi shi ne dokar tsaftar iska ta tarayyar Amurka, wadda ta yarje wa Kaliforniya ta kafa ƙa'idoji masu tsauri fiye da na tarayya matuƙar ta samu izini daga Washington, daga 1977 kuma ta ba sauran jihohi damar ɗaukar ƙa'idar Kaliforniya idan sun ga dama. A watan Agustan 2022 jihar ta tsayar da sabon jadawali: kashi 35 cikin 100 na sababbin motoci a 2026, kashi 68 a 2030, duka a 2035, tare da barin ƙofa ga masu haɗa inji da batir har kashi 20. Jihohi fiye da 10 suka bi sahu. Dokar ba ta hana kowa tuƙa tsohuwar motarsa ta fetur ko sayar da ita ba, a kan sababbi kawai take.

Abin da tarayya ta bayar kuwa, tana iya karɓewa. A watan Mayun 2025 majalisar dokokin Amurka ta kaɗa ƙuri'ar janye izinin, Shugaba Donald Trump ya sa hannu ranar 12 ga Yuni, Kaliforniya da wasu jihohi 10 suka garzaya kotu a ranar. Rangwamen harajin dalar Amurka 7,500 da tarayya ke yi wa mai sayen sabuwar motar lantarki shi ma ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2025.

Turai da ma'aunin kilomita 60

Tarayyar Turai ta amince a 2023 cewa daga 2035 ba za a sayar da sabuwar ƙaramar mota mai fitar da hayaƙi ba, kodayake a Disambar 2025 hukumar zartarwarta ta kawo shawarar a sassauta, a tsaya a rage kashi 90 cikin 100. Faransa tun a dokar sufurinta ta Disambar 2019 ta sa wa kanta wa'adin 2040. Abin da ya fi amfani ga mai karatu a dokokin Turai shi ne ɓangaren caji: dokar da ta fara aiki a Afrilun 2024 ta wajabta cewa a manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashen, kada tazarar da ke tsakanin tashar caji mai sauri da ta gaba ta wuce kilomita 60, kuma direba ya iya biya da katin banki ba tare da ya yi rajista da wani kamfani ba.

A duniya baki ɗaya, an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a 2024 bisa ƙididdigar hukumar makamashi ta duniya, sama da mota ɗaya cikin kowace biyar, kuma kusan kashi biyu bisa uku a China aka sayar da su.

Wadi Bawanis da Fazzan: inda farashin fetur ne doka

Wadi Bawanis ƙaramar hukuma ce a arewa maso gabashin Sabha, babban birnin yankin Fazzan. Garuruwanta su ne Tamanhint, mai nisan kimanin kilomita 30 daga Sabha, inda sansanin sojan sama yake, sai Samnu da Zigan, a kan hanyar da ta nufi Jufra. Ƙasar dabino ce da gonakin ban-ruwa, irin gonakin Fazzan da ƴan Nijar ke zuwa cin rani a cikinsu shekara da shekaru. Har zuwa ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, ƴan Nijar ne suka fi kowa yawa a cikin baƙin da hukumar kula da ƙaura ta duniya ke ƙirgawa a Libiya.

Libiya ba tarayya ba ce. Ƙananan hukumominta, waɗanda doka mai lamba 59 ta 2012 ta tsara, ba su da ikon yin dokar haraji, ta shigo da motoci ko ta lantarki. Wannan aikin tsakiya ne, tsakiyar kuma ta rabu biyu: gwamnatin Abdulhamid Dabaiba a Tarabulus, da majalisar wakilai da gwamnatinta a gabas, waɗanda dakarun Khalifa Haftar ke mara wa baya. Tun Janairun 2019 dakarun Haftar ne ke riƙe da Sabha. Saboda haka majalisar Wadi Bawanis ba ta da hanyar yin abin da Kaliforniya ta yi, ko da ta so.

Abin da ke yanke wa mutumin Fazzan hukuncin irin motar da zai saya shi ne tallafin mai. Farashin litar fetur a hukumance dirhami 150 ne, wato dinari 0.15, ƙasa da santi 3 na dalar Amurka, cikin mafi arha a duniya, kuma ya fi shekara goma bai motsa ba. Tankin lita 50 dinari 7.5 ke nan. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 tana cin dinari 1.2 kacal. Wutar lantarki ma tallafi ne ke riƙe da ita, gidaje da yawa ba sa ma biyan kuɗinta. To mutumin da man tafiyar kilomita 100 bai kai masa kuɗin kwalbar lemo ba, da me zai fanshe ƙarin kuɗin da ya zuba wajen sayen motar lantarki? Lissafin da ke jan mutane zuwa ga lantarki a wasu ƙasashe, a nan ba ya tashi.

Sai dai wannan farashi a takarda yake. Man kudu daga ma'ajiyoyin gaɓar teku ake ɗauko shi a tankoki, tafiyar kusan kilomita 770 idan daga Tarabulus ne, kuma kaso mai yawa ba ya kaiwa famfon gidan mai. Da zarar an tsallaka iyaka farashin ya ninka: a Nijar lita sefa 499 ce tun ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, kusan ninki 30 na farashin Libiya. Wannan tazara ce ke ciyar da fasa-ƙwauri zuwa Nijar, Chadi, Sudan da kuma ta teku. Ƙungiyar bincike ta The Sentry ta ƙiyasta a 2025 cewa Libiya ta yi asarar kimanin dalar Amurka biliyan 20 ta wannan hanya tsakanin 2022 da 2024. Mazauna Sabha da ƙauyukanta kuwa, sau da yawa gidajen mai a rufe suke iske su, sai su saya a jarka a bakin titi da ninkin-ba-ninkin farashin gwamnati.

Abin takaicin shi ne man daga ƙarƙashin ƙafarsu yake fitowa. Rijiyoyin Sharara da ke kusa da Ubari suna iya ba da ganga kusan 300,000 a rana, su ne mafi girma a ƙasar. A Disambar 2018 masu zanga-zangar da suka kira kansu Fushin Fazzan sun rufe su, a Janairun 2024 ma mazauna yankin suka sake rufe su kusan mako uku, kuma ƙarancin mai yana sahun gaba a ƙorafinsu. Ranar 1 ga Agustan 2022 wata tankar fetur ta kife a Bint Bayya, a kan hanyar Sabha zuwa Ubari, jama'a suka taru ɗiba, ta kama da wuta, mutane da dama suka mutu, gommai suka ƙone. Mutanen Yamai da suka ga irin wannan a Mayun 2019, da na Majiya a Jigawa a Oktoban 2024, ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ke kai mutum gindin tankar da ta faɗi.

Ta fuskar wuta, babbar tashar yankin ita ce ta Ubari mai megawat 640, wadda kamfanin ENKA na Turkiyya ya gina, tana kuma ƙona ɗanyen mai. Da bazara ɗauke wuta na awoyi abu ne da aka saba, wani lokaci kudu gaba ɗaya ya faɗa duhu. Fazzan tana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a duniya, amma babban aikin sola da aka fi magana a kai, mai megawat 500 da kamfanin TotalEnergies ya ƙulla da kamfanin lantarki na ƙasa GECOL, a Sadada aka tsara shi, can arewa kusa da teku.

Da sola kaɗai za a iya cajin mota, sai dai a san girman abin. Faifan sola na kilowat ɗaya yana ba da yunit 5 zuwa 6 a yini a irin wannan sahara. Cika batiri mai yunit 64 yana buƙatar faifai kimanin 24 masu wat 500, su yi aikin yini guda cur domin mota ɗaya. Ga manomin Samnu da ke zirga-zirgar kai kaya kasuwar Sabha ya dawo, wanda ba zai ƙarar da batirin a rana ba, wannan abu ne mai yiwuwa, musamman idan ya riga ya kafa sola domin famfon rijiyarsa. Ga direban hanyar Agadas kuwa labarin daban ne. Daga Agadas zuwa Dirku, Madama, Tummo, Gatrun har Sabha ya haura kilomita 1,500, mafi yawansa ba kwalta. Da za a bi ma'aunin Turai na kilomita 60, sai an kafa tashoshi aƙalla 25 a inda ko rijiya sai an yi da gaske. Wani ɓangare na wannan hanya shi ne tsohon turbar ayarin Borno zuwa Murzuk ta Kawar, wadda tazarar rijiyoyi ce ta shata ta tun zamanin raƙuma. Hilux ta gaje ta ne saboda ana iya ɗaura mata jarkunan mai, abin da har yanzu ba a iya yi wa batiri cikin sauƙi.

Nijar: wutar da ke zuwa daga ƙetare

A Nijar ma jihohi ba sa yin doka, daga Yamai komai ke fitowa. Fetur ya fi na Libiya tsada nesa ba kusa ba, duk da matatar SORAZ da ke Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, don haka a lissafi babur ɗin lantarki zai iya yi wa ɗan kabu-kabun Maraɗi riba. Matsalar wutar ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar, kuma kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa: layin Birnin Kebbi yana ciyar da Yamai da Doso, layin Katsina yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Najeriya ta katse wutar a Agustan 2023 ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023 ta rage wa Yamai raɗaɗi, ga kuma ƙaramar ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Agadas da Arlit kuwa da gawayin Anu Araren suke samun wuta.

Najeriya: bayan cire tallafi, ƙofa ta buɗe wa jihohi

Motar lantarki ta farko da aka haɗa a Najeriya ita ce Hyundai Kona ta kamfanin Stallion, da aka ƙaddamar a Legas a Nuwamban 2020. Tashar caji ta sola ta farko da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa kuwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take, an buɗe ta a Afrilun 2021, daga baya aka ƙara a jami'o'in Legas da Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, wanda ya yi suna a kamfanin General Motors da zana samfurin Chevrolet Volt. A wancan lokaci tashoshin sun fi kama da abin nuni, domin litar fetur ba ta kai naira 200 ba, motocin da za a caja kuma ana iya ƙirga su da yatsu.

Shekarar 2023 ce ta juya lissafin, ta fuska biyu. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, cikin kwana biyu lita ta koma wajen naira 500, zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Idan aka ɗauki lita a naira 900, motar da ke shan lita 8 tana cin naira 7,200 a kilomita 100. Motar lantarki mai cin yunit 17, ko da a farashin wuta mafi tsada na rukunin A, wajen naira 210 kowane yunit, ba ta wuce naira 3,600 ba. Ga wanda ke yini a kan titi yana ɗaukar fasinja, wannan rabin kuɗin mai ne kullum.

Na biyun bai yi ƙara kamar na farko ba, amma shi ne ya fi shafar batun doka. A Maris ɗin 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta, dakonta da rarraba ta ko a wuraren da layin ƙasa ya kai, a Yuni kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Jihar da ta yi tata dokar ta kafa tata hukumar, hukumar tarayya NERC tana miƙa mata ikon kula da kasuwar wutar cikin gida. Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, wasu kamar Legas, Neja da Filato suka biyo baya. Tunda tashar caji sayar da wuta take yi, irin wannan jiha tana iya tsayar da lasisinta da farashinta ba sai ta jira Abuja ba. Su kuma jihohin arewa ba baƙi ba ne wajen yanke hukuncin abin da zai hau titi: Borno ta hana babura a Maiduguri a Yulin 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, kuma cikin ƴan shekaru keke mai ƙafa uku ya mamaye biranen biyu. Tsaro ne dalili a lokacin, amma ya nuna cewa umarnin gwamna ɗaya yana iya sauya abin hawan birni guda.

Borno ce ta fi kowa nisa a arewa, kuma wahala ce ta koya mata. A Janairun 2021 mayaƙa suka rusa turakun babban layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe cikin duhu, mutane suka koma sola, kafin a buɗe tashar gaggawa mai aiki da iskar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023. A wannan birni ne Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables suka fara cire injin ƙananan bas-bas suna sa musu batir da faifan sola. A Disambar 2023 Tinubu ya ƙaddamar da motoci 107 da gwamnatin Babagana Zulum ta saya, cikinsu har da tasi masu lantarki, ana ɗaukar fasinja da rangwame, gwamnatin kuma ta ci gaba da kafa wuraren caji na sola. Ya kamata a lura cewa abin da Borno ta yi saye ne da tallafi daga baitulmalin jiha, bai kai ga dokar da ta tilasta wa dillalai wani kaso ba. Ƙarfinsa zai bayyana ranar da batiran farko suka gaji aka zo batun kuɗin sauya su.

A matakin tarayya, gwamnati ta cire harajin VAT daga motocin lantarki a sanarwar Oktoban 2024, tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2023 zuwa 2033 kuma yana son kashi 30 cikin 100 na motocin da ake haɗawa a gida su zama na lantarki. A Nuwamban 2025 ƙudirin Sanata Orji Uzor Kalu kan komawa motocin lantarki ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa. Yana neman kamfanonin waje su haɗa gwiwa da na gida su kafa wurin haɗa motoci cikin shekara uku, kashi 30 cikin 100 na kayan haɗin su zama na gida zuwa 2030, gidajen mai kuma su kafa wurin caji. Karatu na biyu ba doka ba ne tukuna. Kuma ko an sa hannu, gidan man da shi kansa da janareta yake tayar da famfonsa sai ya fara samun wutar da zai sayar. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe kwanaki ba wuta bayan lalata manyan layuka.

Sauran Afirka a taƙaice

Habasha ce ta fi kowa zafafawa: a Janairun 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal. Ba ta haƙo man da take sha, biliyoyin dalar Amurka take kashewa wajen sayo shi duk shekara, alhali tana da madatsar ruwa ta Renaissance mai megawat 5,150 da aka buɗe a Satumbar 2025. Wato akasin Libiya ce ta kowace fuska. Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya na fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Ghana ta fitar da manufarta a Disambar 2023, ta kuma yafe kuɗin fito na shekara takwas ga motocin lantarki na haya. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro yana raba wa ƴan acaɓa babura tun 2022 da tsarin musayar batir: direba ya ajiye wanda ya ƙare, ya biya, ya ɗauki cikakke.

Motocin gwanjo da batun bakin caja

Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Libiya da Najeriya suna cikin manyan masu karɓa. Duk lokacin da wata ƙasa ta tsaurara doka a can, ƴan Kwatano da ke shigowa Kano da Maraɗi, da waɗanda ake saukewa a Misrata a gangaro da su Sabha, su ne ke nuna alamar. CEDEAO ta tsayar a 2020 cewa ƙaramar motar da za a shigo da ita kada ta wuce shekara biyar, ta ba ƙasashe wa'adin shekara goma su kai ga haka. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Motocin lantarki na hannu ma ta wannan hanya za su riƙa zuwa, kuma da su akwai abin da dillali ba ya iya gani da ido. Injin fetur ana jin lafiyarsa da kunne, batiri kuwa sai an jona na'ura ta karanta yawan ƙarfin da ya rage masa, shi ne kuma ɓangaren da ya fi komai tsada a motar. Sannan bakin caja ba iri ɗaya ba ne. Motar Turai tana amfani da CCS2, ta kasuwar China GB/T, tsofaffin na Japan irin su Nissan Leaf CHAdeMO, na Amurka kuma CCS1 ko bakin Tesla. Turai ta zaɓi nata da doka, China ma haka. A kasuwar da mota ke shigowa daga dukkan wuraren nan huɗu, mai tashar caji sai ya tanadi baki fiye da ɗaya, ko kuma direba ya sayi mahaɗi na musamman ya riƙa yawo da shi a but.